Ku Tambaya Mu Amsa: Daskararren Duriyan, Ingancinsa da Maganganun da Ake Yi a Kansa

A 'yan watannin nan wasiƙu sun taru a wannan fili game da wani ɗan itace da galibin mutanenmu ba su taɓa gani ba, wato duriyan, kuma kusan dukkansu sun fito ne daga ɗalibanmu da ke karatu a Maleshiya, da 'yan kasuwarmu masu zirga-zirga zuwa Guwanzu da Bankok, da kuma iyalansu a gida. Ga wanda bai san shi ba, ɗan itace ne da nauyinsa kan kai kilo 1 zuwa 3, ɓawonsa cike da ƙaya mai kauri, har ma sunansa ya samo asali ne daga kalmar "duri", wadda ke nufin ƙaya a harshen Malay. Idan aka tsaga shi sai a tarar da ɗakuna, galibi biyar, kowanne da tsoka mai laushi ruwan ɗorawa da ta lulluɓe ƙwallo. Abin da ya fi shahara da shi shi ne ƙarfin warinsa, wanda ya sa aka hana shiga da shi jiragen ƙasa na cikin birnin Singafo da otal-otal masu yawa a yankin, alhali mutanen da suka tashi da shi ƙamshi suke kiransa, kamar yadda muke yi da daddawa. Masana tsirrai kuwa sun sanya shi a dangi ɗaya da kuka da kuɓewa da rama da auduga da goro. Na zaɓi wasiƙu shida, na taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a jihar Kedah ta Maleshiya. Na saba da duriyan a kakar da ta wuce, amma yanzu da lokacinsa ya fita sai daskararre nake gani a manyan kantuna. Wani abokina ya ce ragowar da aka kasa sayarwa ce ake daskararwa, kuma sanyi yana kashe amfaninsa. Shin haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka ya faɗi abin da kan faru a wasu lokuta, amma ya mayar da shi kamar shi ne dokar sana'ar, kuma a nan ya yi kuskure. Domin a fahimci dalilin daskarar da duriyan, dole a fara sanin yadda ake girbe shi, saboda ƙasashen biyu da suka fi suna a kansa ba hanya ɗaya suke bi ba. A Tailan, musamman a lardin Chanthaburi inda ake noma shi da yawa, manoma suna hawa bishiya su yanko shi kafin ya gama nuna, sai ya ƙarasa nunarsa a hanya, wannan ya sa nau'insu mai suna Monthong yake jure tafiyar kwanaki a mota ko a jirgin ruwa. A Maleshiya kuwa al'adar ita ce a bar shi ya nuna a bisa uwarsa har ya faɗo da kansa, har wasu manoman sukan shimfiɗa raga a ƙarƙashin bishiyoyi ko su ɗaure kowane ɗa da igiya don kada ya fashe a ƙasa. Wanda ya faɗo da kansa ya fi ɗanɗano da ƙamshi nesa ba kusa ba, sai dai kwanakinsa kaɗan ne ƙwarai, domin cikin kwana biyu zuwa huɗu ɓawon zai fara tsagewa, tsokar ta yi ruwa ta soma tsami. Manomin da ke Raub a jihar Pahang, inda ake noman fitaccen nau'in nan Musang King, babbar hanyarsa ta kai irin wannan kaya kasuwa mai nisa ita ce daskarewa. Shi ya sa aka daɗe Maleshiya tana aika wa ƙasar Sin daskararre kawai: an fara da tsokarsa a 2011, aka fara kai shi da ɓawonsa a daskare a 2019, sai a 2024 aka ba ta izinin kai ɗanye. Ƙasar Sin ita ce babbar mai saye a duniya, domin a 2023 kaɗai ta shigo da fiye da tan miliyan 1.4. Ka ga ke nan kayan da ake daskararwa domin irin wannan kasuwa zaɓaɓɓu ne tun daga gona.

Abin da ke raba mai kyau da marar kyau shi ne saurin daskarewa. Tsokar duriyan, kamar ta kowane ɗan itace, ƙananan ɗakuna ne cike da ruwa. Idan sanyi ya shige ta a hankali, kamar yadda yake faruwa a firizar gida, ruwan yana zama manyan tsinin ƙanƙara da ke huda bangon ɗakunan, don haka da zarar ta narke sai ta saki ruwa ta zama kamar kunu. Manyan masana'antu suna amfani da ruwan iskar naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili, su sa 'ya'yan a ɗakin da sanyinsa ke tsakanin digiri 80 zuwa 110 ƙasa da sifili har tsakiyarsu ta daskare, sannan a adana su a digiri 18 ƙasa da sifili. Da irin wannan sauri ƙanƙarar ba ta samun damar girma, sai tsokar ta dawo kusa da yadda take bayan an narkar da ita. Na ci irin wannan na kuma ci wanda ya faɗo da asuba a gona, kuma gaskiya ba ɗaya ba ne, domin ƙamshi yana ɗan raguwa, ɗan ɗacin nan mai daɗi da ake so a Musang King ma yana ɗan lafawa, amma bambancin bai kai a kira shi kayan banza ba. Batun amfani ga jiki kuwa, sanyi ba ya taɓa sukari da maiƙo da ma'adinan da ke ciki, bitamin C ne kawai kan ɗan ragu idan ajiya ta yi tsawo.

Inda maganar abokinka ta fi kama gaskiya shi ne niƙaƙƙen duriyan da ake sayarwa a leda domin yin kek da askirim, saboda can ne ake kai waɗanda ba su kai matakin farko ba, kuma da zarar an raba tsoka da ɓawonta aka niƙa, babu mai iya rantsewa a kan nau'inta. Idan kana son ka san abin da ka saya, ka nemi wanda aka daskarar da ɓawonsa, ko tsoka mai ƙwallo a ledar da aka zuƙe iskar cikinta, wadda aka rubuta sunan nau'in da ƙasar da sunan masana'anta da ranar da aka sarrafa ta. Musang King launinsa rawaya ne mai duhu kamar kurkur, ƙwallonsa siriri ne shafaffe, Monthong kuwa ya fi haske da kauri, warinsa kuma da sauƙi, shi nake ba wa sabon shiga shawarar ya fara da shi.

Tambaya: Malam, ina yi maka fatan alheri. Maigidana ya sayo mana leda biyu a wani kantin kayan waje a Abuja. Kwana ɗaya da rabi babu wuta a unguwarmu, da ta dawo sai na ga sun sake daskarewa, amma akwai dunƙulen ƙanƙara a gindin ledar. Mu ci ko mu zubar?

Amsa: Hajiya, wannan tambaya ta fi dukkan sauran muhimmanci ga wanda ke zaune a gida Najeriya, domin haɗarin da ke cikin daskararren abinci a wurinmu ya fi zuwa ta hanyar yankewar wuta. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, tsayar da su kawai yake yi, kuma da zarar abinci ya ɗumama ya wuce digiri 5 sai su ci gaba da hayayyafa, musamman a abu mai zaƙi da danshi wanda hannun mutane ya taɓa a lokacin ɓarewa, kuma ba dafa shi za a yi ba kafin a ci. Firizar da take cike maƙil, idan ba a buɗe ta ba, tana iya riƙe sanyinta kimanin awa 48, wadda take rabi kuwa kimanin awa 24, kuma zafin garuruwanmu yana iya rage wannan lokaci. Dunƙulen ƙanƙarar da kika gani a gindin leda shaida ce cewa tsokar ta narke har ta tsiyayar da ruwanta, sannan ruwan ya sake daskarewa. Tunda babu wanda ya duba ya ga ko da sauran sanyi a jikinta lokacin da wutar ta dawo, shawarata ita ce ki zubar, duk da na san kuɗin da aka kashe ba kaɗan ba ne. Kada ki dogara da hanci a nan, domin warin duriyan na asali yana rufe warin lalacewa ga wanda bai saba da shi ba.

Wannan alama ita za ki duba tun a kanti nan gaba, domin kantin ma wutarsa tana yankewa. Ki guji ledar da ta kumbura ko ta saki, da wadda ƙanƙara ta taru a cikinta, da tsokar da gefenta ya bushe ya yi fari-fari ko ya yi duhu. Idan za a ci, a sauko da abin da za a iya cinyewa kawai daga firiza zuwa firji ya kwana, a ci shi da ɗan sauran sanyinsa, kada ya wuce awa biyu a fili, kuma wanda ya narke kada a mayar da shi.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne mai sayo kaya a Guwanzu. Abokan cinikina 'yan Sin sun gargaɗe ni cewa duriyan abinci ne mai zafi, kuma wanda ya haɗa shi da gahawa ko madara ko lemon kwalba yana iya mutuwa. Ni kuwa ba na rabuwa da shayi da madara. Mene ne gaskiyar wannan?

Amsa: Alhaji, abokanka ba da mugun nufi suka faɗa ba, abin da suka gada ne. A likitancin gargajiya na Sin ana raba abinci zuwa mai zafi da mai sanyi, tsarin da ba baƙo ba ne a wurinmu, domin mu ma muna danganta cututtuka da zafi da sanyi. Duriyan a wurinsu yana sahun gaba cikin masu zafi, shi ya sa za ka ga ana sayar da shi tare da wani ɗan itace mai baƙin ɓawo da farar tsoka da ake kira mangostin, wanda suke ɗauka mai sanyi ne, har suna kiran duriyan sarki, mangostin kuma sarauniya. Wasu kuma sukan zuba ruwa da ɗan gishiri a cikin kwarmin ɓawon su sha don ya kashe zafin. Abin da mutum ke ji a jikinsa gaskiya ne: wanda ya cika cikinsa da abu mai yawan sukari da maiƙo zai ji ɗumi da ƙishirwa da nauyin ciki da yawan gyatsa, domin jiki yana fitar da zafi a yayin narkar da abinci mai nauyi. Ruwan da aka sha yana taimakawa, amma a kofi ma aikin da zai yi ke nan.

Maganar madara kuwa, rayuwar yau da kullum ta yankin ta isa amsa. Ana yin askirim ɗin duriyan da madara, ana yin kek ɗinsa da kirim, a Tailan ana cin sa da shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa, a Maleshiya har gahawa mai ɗanɗanon duriyan ake sayarwa a ƙunshe, kuma miliyoyin mutane suna ci suna kwana lafiya. Lemon kwalba illarsa ita ce ƙara sukari a kan sukari da iska a kan kumburin ciki. Wannan magana ta yi kama da wadda muka taso muna ji cewa wanda ya sha mangwaro ya bi shi da garin kwaki ko lemon kwalba ba zai kwana ba.

Haɗi ɗaya ne kimiyya ta samu abin faɗi a kansa, shi ne duriyan da giya. Warin duriyan yana fitowa ne daga sinadarai masu ɗauke da farar wuta, dangin waɗanda ke cikin albasa da tafarnuwa, kuma a 2009 masu bincike a Jami'ar Tsukuba ta Jafan sun nuna, a gwajin ɗakin bincike, cewa ruwan duriyan yana iya rage aikin wani sinadarin da hanta ke amfani da shi wajen kawar da dafin da giya ke bari a jiki, da kusan kashi 70 cikin 100. Idan wannan dafi ya taru yana kawo amai da bugun zuciya da jan fuska. Kai wannan bai shafe ka ba, amma ina ganin daga nan tsoron ya faro, sannan ya bazu zuwa sauran abubuwan sha. Ka sha shayinka da madara, sai dai ka rage sukarin a ranar.

Tambaya: Malam, shekaruna 62, ina da ciwon sukari da hawan jini, uwargidana kuma ana yi mata wankin ƙoda. Ɗanmu da ke karatu a Kuala Lumpur ya gayyace mu bikin kammala karatunsa, yana ta ba mu labarin duriyan. An ce yana cike da kolestarol. Za mu iya ɗanɗanawa?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya sa a yi bikin a sa'a. Batun kolestarol ka cire shi daga ranka, domin babu shi a duriyan ko kaɗan, kamar yadda babu shi a kowane ɗan itace, a abincin da ya fito daga dabba kawai ake samunsa. Abin lura yana wani wurin dabam. A kowane giram 100 na tsokar duriyan akwai kalori kusan 147, alhali ayaba tana da kusan 89, mangwaro kuma kusan 60. A cikin wannan giram 100 akwai giram 27 na sukari da sitaci, da giram 5 na maiƙo, da miligiram 436 na sinadarin fotasiyam. Giram 100 kuwa bai wuce tsokar ƙwallo biyu ko uku ba, kuma saboda laushinsa da zaƙinsa, musamman mai sanyi da ke shiga kamar askirim, mutum yana iya cinye giram 400 a zama ɗaya bai ankara ba, wato kalori kusan 600 da sukari da sitaci fiye da giram 100.

A gare ka, idan sukarinka yana zaune daidai, tsokar ƙwallo ɗaya ko biyu ba laifi ba ce, da sharaɗin ka rage shinkafa ko burodin wannan lokacin, kuma ka auna jininka bayan awa biyu don ka ga yadda jikinka ya karɓa. Wani gwaji da aka yi a Maleshiya ya nuna duriyan ba ya ɗaga sukarin jini da sauri kamar abarba, wataƙila saboda maiƙonsa yana jinkirta narkewa, amma kada wannan ya ruɗe ka, domin jinkiri bai rage yawan abin da ya shiga ba. Sannan ka duba magungunanka na hawan jini, saboda wasunsu, irin su lisinopril da losartan da spironolactone, suna sa jiki ya riƙe fotasiyam, don haka ka tambayi likitanka kafin tafiya.

Game da Hajiya kuwa, amsata a fili take: kada ta ci sai da izinin likitan da ke kula da ƙodarta. Ƙoda ce ke fitar da rarar fotasiyam daga jini, kuma idan ta gaza, sinadarin yana taruwa ya rikita bugun zuciya, wani lokaci ba tare da wata alamar gargaɗi ba. Masu wankin ƙoda galibi ana ƙayyade musu miligiram 2000 zuwa 3000 a yini gaba ɗaya, alhali giram 400 ɗin da na ambata yana ɗauke da fiye da 1700. Dalilin da ya sa aka taƙaita mata ayaba da dabino shi ne ya hau kan duriyan, kuma daskarewa ba ta rage fotasiyam ko kaɗan. Ina roƙon ɗanku ya fahimci wannan, kada kara ta sa ta karɓa.

Tambaya: Malam, matata tana da ciki wata shida, muna zaune a jihar Johor ta Maleshiya. Maƙwabtanmu sun ce duriyan yana ƙona ɗan tayi, mahaifiyata kuma ta kira daga gida ta ce zaƙi zai hana ta haihuwa da sauƙi.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sauke ta lafiya. Ɗan itacen ba ya ƙona ɗan tayi, kuma mace mai lafiya tana iya cin kaɗan. Maganar Mama ma kada ka yi watsi da ita, domin akwai ciwon sukarin da ke tasowa a lokacin goyon ciki, wanda kan sa jariri ya yi girman da zai wahalar da haihuwa, kuma ana gwada shi a asibiti tsakanin mako na 24 da na 28, wato daidai inda matarka take yanzu. Ta yi gwajin tukuna, idan ya fito lafiya ta ci tsokar ƙwallo ɗaya ko biyu jefi-jefi. Mai ciki ta fi kowa buƙatar kiyaye tsabtar abinci, don haka ta ci wanda aka ɓare a gabanta ko wanda aka tabbatar bai taɓa narkewa ba.

Tambaya: Malam, na buɗe wata leda sai na ji wani ɗan yaji a harshe da wari kamar na abin da ya fara ruɓa. An ce duriyan yana da barasa a cikinsa. Shin ya halatta ga Musulmi?

Amsa: Ɗan'uwa, hukunci na malamai ne, ni abin da ya shafi sanin abinci zan faɗa. Kowane ɗan itace mai zaƙi idan ya nuna sosai yana samar da ɗan burbushin barasa daga sukarinsa, har da ayaba da mangwaro, kuma duriyan da ya wuce nuna yana yin haka. A 2019 an ruwaito labarin wani direba a lardin Jiangsu na ƙasar Sin wanda na'urar gwajin numfashi ta nuna kamar ya sha giya bayan ya ci duriyan, amma da aka gwada jininsa ba a samu komai ba, domin abin a baki kawai ya tsaya. Musulmin Maleshiya da Indonesiya, waɗanda su ne mafi rinjaye a ƙasashensu, sun gaji cin sa kaka da kakanni, kayan da ake sarrafawa da shi suna fitowa da tambarin halal na JAKIM, hukumar kula da harkokin Musulunci a Maleshiya, har ma suna tsimar da tsokarsa da gishiri su yi wani abin miya mai tsami da suke kira tempoyak, wanda tsaminsa irin na nono ne. Ledar da ka buɗe kuwa, wannan yajin da ka ji a harshe yana nuna cewa ko dai an daskarar da tsokar bayan ta wuce lokacinta, ko kuma ta narke a hanya ta fara tsima, kuma duriyan da aka daskarar da shi yadda ya kamata ba ya yin haka. Ka mayar wa mai kantin idan zai karɓa, idan kuma bai karɓa ba ka zubar da ita.